Daga Dorugu Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Sana'ar Tafinta

A Babban Mutum, garin bakin iyaka da ke ƙaramar hukumar Baure a masarautar Daura, mutum na iya karyawa da koko a Najeriya, kafin azahar yana ƙasar Magarya a Nijar. Takardun hukuma na wannan gefen da Ingilishi ake cike su, na wancan gefen an saba cike su da Faransanci, amma cinikin gero da awaki da Hausa ake ƙulla shi ko ta ina. Tun da Ingila da Faransa suka gama kafa duwatsun iyakar nan tsakanin 1906 da 1908, ba a rasa mai cin abinci da harshe biyu a wannan yanki ba. Yau kuwa saurayi kan zaro waya, ya ɗauki hoton takarda, na'ura ta mayar masa da ita Hausa kafin ya ƙifta ido. Wannan tafintan da ba ya neman la'ada yana da asali, kuma wani reshe na asalinsa ba shi da nisa da Daura.

Sunan tafinta aro ne daga bakin Turawan Ingila, amma aikin ya girmi zuwansu nesa ba kusa ba. Wasiƙun sarakuna da Larabci ake rubuta su, sai malamin fada ya karanta ya warware wa sarki da Hausa. Bayan jihadi, lokacin da zuriyar tsofaffin sarakunan Daura suka koma Zango da Baure a ƙarƙashin inuwar Damagaram, ana hulɗa da masu jin Barbarci da Buzayen da ke sauko da gishiri, don haka dillali ko fatoman da ke jin harshen baƙo shi ke riƙe da ciniki. Akwai kuma tafsirin watan azumi, inda mai jan baƙi ke kawo aya malam yana fassarawa nan take. Duk wannan a baki yake. In an watse, ya bi iska.

Wanda ya fara zaunar da Hausar baki a takardar boko da yawan gaske wani yaro ne mai suna Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas kusa da Kance, arewa da Daura. Mahara suka kama shi yana ƙarami, aka sayar da shi a Barno, inda Bajamushe Adolf Overweg ya fanshe shi tare da wani yaro Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaran suka bi abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ta Damagaram da Katsina da Sakkwato har Tumbutu, daga ƙarshe suka sauka Ingila a 1855.

Can ne wani limamin mishan, James Frederick Schön, ya same shi kamar tsuntsu daga sama gasasshe. Schön ya jima yana nazarin Hausa ba tare da ya taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ya zaunar da Dorugu, yaro na faɗa yana rubutawa: tatsuniyoyi, labarin bauta, labarin tafiya, har mamakinsa game da yadda Turawa ke cin abinci. Da wannan ya gina littafin nahawunsa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Faransawa suka ba Schön lambar yabo, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Dorugu kuwa ya dawo gida a 1864, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarinsa a littafin da ya ɗaukaka sunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga nan fassara ta zama aikin ofis. Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya a ƙarƙashin Rupert East. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957. Ma'aikatan waɗannan wurare su suka ƙera wa Hausa kalmomin majalisa da kasafin kuɗi da zaɓe, suka kuma tsayar da karin Kano a matsayin ma'auni. Ba wanda ya san cewa abin da suke tarawa wata rana na'ura za ta ci.

A wancan ɓangaren duniya an ɗauki wata hanya. A Janairun 1954 kamfanin IBM da Jami'ar Georgetown a Amurka suka nuna kwamfutar da ta fassara jimloli sittin da 'yan kai daga Rashanci zuwa Ingilishi, aka yi ta cika baki cewa nan da 'yan shekaru an gama da matsalar. Dabararsu ita ce a cusa wa na'ura ƙamus da dokokin nahawu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kai ko'ina ba. Wani rahoto na 1966 ya ce kuɗin ba su biya ba, aka janye tallafi. Sai a ƙarshen shekarun 1980 wasu masu bincike na IBM suka juya tunanin: a daina koya mata doka, a jibga mata misalai. Suka ɗauko muhawarar majalisar Kanada, wadda ake rubutawa da Ingilishi da Faransanci kafaɗa da kafaɗa, na'ura ta riƙa ƙirga wace kalma ke yawan tafiya da wace.

Wannan shi ne tushen abin da ake kira koyon na'ura. A nuna mata jimla, ta yi hasashen fassara, a gwada da ta ɗan Adam, ta gyara lissafin cikinta kaɗan, a sake, sau miliyoyi. Kamar almajiri ne da allo, sai dai wannan ba ya gajiya kuma bai san ma'anar abin da yake bita ba. Google Translate ya fito a 2006, Hausa ta shiga cikinsa a Disamban 2013. A 2017 masu binciken Google suka fitar da tsarin Transformer, wanda ke auna alaƙar kowace kalma da sauran kalmomin jimla gaba ɗaya, kuma a kansa aka gina ChatGPT da ya fito a Nuwamban 2022 ya sa ƙirƙirarriyar basira ta zama hirar majalisar shayi.

To, me aka ciyar da ita na Hausa? Abin da tafintocin baya suka bari: fassarar littattafan addini, labaran gidajen rediyo, da ɗan abin da ke intanet. Ko kamfanin Meta, da ya fitar da manhajar gane magana ta harsuna fiye da 1,100 a 2023, da karatun Sabon Alkawari da aka naɗa ya horar da ita. Shi ya sa Hausar na'ura ta fi kama da ta mai karanta labaran duniya, ba ta mai awo ba.

A gwada ta da Hausar bakin iyaka a ga inda gizo ke saƙar. Dattijon Daura in ya ce jaka, yana iya nufin naira ɗari biyu. Ɗan Magarya in ya ce jaka, sefa dubu yake nufi. A takarda kuwa jaka abin zuba kaya ce. Ɗan Nijar kan tura yaro lakwal, wato makaranta, ya biya kuɗi a duwan, wato kwastan, kalmomin da da wuya a gamu da su a jaridar Zariya. Ga kuma matsalar da Hausawa suka jawo wa kansu: boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sannan masu rubutu a waya sun yi watsi da ƙugiya, ƙasa da kasa suka zama abu guda. Bahaushe kan gane daga zance. Na'ura sai ta canka, kuma takan canka cikin isa, ba ta taɓa sosa ƙeya. Wannan shi ne babban aibinta, domin tafintan kirki in bai gane ba yakan ce a maimaita.

Abin da ya bambanta wannan zamani da na Dorugu shi ne masu harshen sun shiga ɗakin binciken da kansu. A 2019 masana 'yan Afirka suka kafa ƙungiyar Masakhane don harsunan nahiyar. A 2021 Hausa ta shiga gasar fassarar labarai ta duniya da masu binciken fannin ke shiryawa duk shekara. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan dubu talatin a kowane ɗaya daga Hausa, Ibo, Yarabanci da Turancin buroka, waɗanda mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna tantance na yabo da na suka. Aiki ne mai cin rai, amma da irinsa ake gane ko na'ura ta iya bambance zambo da yabo.

Inda binciken ya dosa yanzu shi ne murya, kuma nan ne abin ya shafi Babban Mutum kai tsaye. Manomin da bai yi boko ba ba zai buga tambaya ba, faɗa zai yi, ya jira amsa da baki, kan farashin taki ko ciwon akuya. Kafin na'ura ta ji shi, dole a naɗi dubban sa'o'i na muryoyin irinsa, maza da mata, da Dauranci da Damagaranci. Za a zo neman muryoyin nan, ko ba jima ko ba daɗe. Ɗaliban Jami'ar Sufuri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura su riga baƙi fara wannan aiki, su nemi izinin duk wanda za su naɗa, su biya shi, su kuma rubuta sunan garinsa a jikin abin da aka tara.