Jazira da Tsibiri: Labarin Wata Kalma

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji ana kiran ƙasar Larabawa Jaziratul Arab. In ka tambayi ma'anar jazira sai a ce maka tsibiri, watau ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. To, amma mun san a shekarar 1324 Mansa Musa, Sarkin Mali, ya bi ta Alƙahira, daga can ya shiga ayarin alhazan Masar har Makka bisa ƙasa. Yaya mutum zai shiga tsibiri a kan raƙumi?

In ka duba taswira za ka ga Bahar Maliya a yammacinta, Tekun Arabiya a kudu, Tekun Fasha a gabas. Arewa kuwa ba ruwa, sai hamada wadda ta haɗa ta da Sham da Iraƙi. Irin wannan ƙasa ita ce Turawan Ingila su ke kira peninsula. Kalmar ba tasu ba ce, daga Latin, harshen Rumawan dā, suka aro ta a ƙarni na 16. Kalmomi biyu aka haɗa: paene, watau saura kaɗan, da insula, tsibiri. Ke nan saura kaɗan ta zama tsibiri. Ta Larabawa ita ce mafi girma a duniya, ta ninka Nijeriya fiye da sau uku.

Larabawan dā ba su damu da wannan bambanci ba. Asalin jazira daga jazara ne, watau yanka, shi ya sa su ke kiran mahauci jazzar. Duk ƙasar da ruwa ya yanke, ko bai gama kewaye ta ba, jazira ce a wurinsu. Masanansu sun ce kogin Furatu shi ne ruwan da ya tsare arewa, don haka sunan ya zauna daidai. A ƙarni na 10 wani malamin Yaman, Alhamdani, ya rubuta littafi ya kira shi Sifatu Jaziratil Arab. Haka kuma bayan Ɗariƙu ɗan Ziyad ya ƙetare zuwa Sifen a shekarar 711, sai suka riƙa cewa Jaziratul Andalus, alhali kuwa duwatsu ne suka haɗa ta da Faransa. Daga baya ne masu rubutun Larabci suka ƙara kalma ɗaya suka ce shibhu jazira, mai kama da tsibiri, ma'anar ta zo ɗaya da ta Rumawa.

Akwai wata Jazira da Hausawa suka sani da ƙafarsu. Ita ce ƙasar da ke tsakanin kogunan Nilu biyu, Fari da Shuɗi, kafin su gamu a Hartum. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sannar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga, maniyyata da yawa suka yada zango can suna tsinkar auduga don neman guzuri. Waɗansu sun isa Makka, waɗansu kuwa jikokinsu na nan Sudan har yau. Wannan Jazira ba teku kusa da ita ko kaɗan.

Mu Hausawa ƙasarmu ba ta taɓa teku ba, saboda haka kakanninmu ba su bukaci kalmar ba. Tsibirin da su ka sani shi ne tudun da ke tsakiyar kogi. Da labarun duniya su ka fara zuwa da Hausa, sai masu fassara su ka shiga lalube. Sun ce zirin Koriya, wannan kuwa ya yi kyau, gama doguwa ce siririya. Sun kuma ce tsibirin Bakasi, wurin da Kotun Duniya ta ba Kamaru a 2002, aka gama miƙa shi a 2008. Ni dai a ganina ziri ba zai ɗauki ƙasa mai faɗi kamar ta Larabawa ba, gara a bar mata jazirarta, tun da kunnenmu ya saba da ita.

Wani abin mamaki shi ne, mutum da hannunsa ya kan sāke sunan ƙasa. A zamanin Mansa Musa, Afirka tana manne da Asiya ta wani ɗan wuya mai faɗin mil 75 ko kusa da haka. A 1869 aka gama haƙa mashigin Suwez, ruwan Bahar Rum ya sadu da na Bahar Maliya. Tun daga ran nan wanda ya nufi Makka bisa ƙasa ta hanyar Masar sai ya ƙetare ruwa, ko ya bi ta ƙarƙashinsa.