Yaƙi Da Yoyon Fitsari A Ƙasar Kano

Yoyon fitsari tsohon ciwo ne a ƙasar Hausa. Mafarinsa doguwar naƙuda ce, watau kan jariri ya danne mafitsara kwana biyu ko uku, har naman wurin ya mutu ya huje. Galibi ɗan ba ya zuwa da rai, uwar kuwa sau da yawa sai miji ya sake ta saboda zarni.

Cikin 1983 wani likita mutumin Holan, Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga ta Katsina jiyyar kutare. Da ya ga yawan matan nan, sai ya shiga ɗinke su, har ya riƙa zuwa Asibitin Murtala na Kano. A 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗaura yaƙi da ciwon. Cikin mako biyu a 2005 aka yi wa mata fiye da 500 aiki a Kano da Katsina da Sakkwato da Kebbi.

To, amma ɗinki a birni yake, jinkirin da ke haddasa ciwon kuwa a ƙauye. Mai naƙuda a ƙasar Doguwa sai ta jira izinin miji da kuɗin mota, sa'an nan a ratsa dajin Falgore da ita zuwa Tudun Wada. In abin ya gagara can, a wuce Kano.