Ƙauyukan Ujamaa: Yadda Lallashi Ya Koma Tilas

A watan Fabrairu na 1967, shugaban Tanzaniya, Julius Nyerere, ya yi shelar wani sabon tsari da aka amince da shi a garin Arusha. Sunan tsarin Ujamaa, wato zaman 'yan'uwa da harshen Swahili. A lokacin yawancin manoman ƙasar suna zaune a warwatse, kowane gida a tsakiyar gonarsa. Nyerere ya ga ba yadda za a kai wa kowane gida famfo da makaranta da ɗakin shan magani. Saboda haka ya roƙi mutane su taru a ƙauyuka, su yi noma tare.

Da fari ba a taɓa kowa ba. Shugaban da kansa ya ce ba a kafa irin wannan ƙauye da ƙarfi. Sai gwamnati ta bi ta hanyar kwaɗaitarwa: ƙauyen da ya taru, shi za a fara ba ruwa da malami da magani. Waɗansu suka amsa. Amma bayan shekara 6, mutum wajen miliyan 2 kaɗai suka koma.

Me ya hana sauran? Ba taurin kai ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomi ya san inda ƙasa take da albarka, da inda dabbobinsa suke shan ruwa, da inda ya binne iyayensa. Ma'aikacin da ya zo daga birni ya fi son wuri a bakin hanyar mota, domin ya fi sauƙin zagawa.

Tun 1969 alamar abin da ke tafe ta bayyana. A jihar Ruvuma akwai ƙauyukan da manoma suka kafa don kansu, irin su Litowa, suna tafiya daidai. Jam'iyyar TANU ta rushe ƙungiyarsu, gama ba ta ƙarƙashin ikonta. Ashe ba taruwar kaɗai ake so ba, har da riƙon ragama.

A Nuwamba 1973 haƙurin gwamnati ya ƙare. Nyerere ya ce zama a ƙauye ya zama doka, kowa ya koma kafin ƙarshen 1976. Aka kwashi mutane cikin manyan motoci, a waɗansu wurare har aka ƙone tsofaffin gidaje don kada su komo. A 1977 gwamnati ta ce mutum miliyan 13 suna ƙauyuka. Amma ƙaurar ta haɗu da fari, har ƙasar ta sayo hatsi mai yawa daga waje a 1974 da 1975. Gonar gayya kuwa, mutane suka riƙa yi mata aikin ganin ido, suna ba ƙananan gonakinsu ƙarfinsu.

Kada mu hana wa tsarin yabonsa. Yara da yawa sun shiga makaranta, manya sun koyi karatu, magani ya matso kusa. Nyerere kuma bai tara dukiya ba, ya sauka da kansa a 1985.

Wannan ne ya sa labarin ya cancanci a tuna da shi. Mutumin kirki ne ya yi shi, da kyakkyawar niyya. Gwamnati tana da iko ta ba da shawara, ta kuma kwaɗaitar. Amma idan ta riga ta yanke ranar da kowa zai yarda, shawarar ta zama umarni tun ba a faɗa ba. In talakawa sun ƙi tayi, wajibi ne mai mulki ya tambaye su dalili kafin ya aika da mota.