Itacen Kirsimeti Na Kara Da Ƙarfe: Tarihin Wani Baƙo A Ƙasarmu

Gabatarwa

Jama'a masu karatu, na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Jiga Maƙera, Musulmi jikan maƙera, da zancen itacen Kirsimeti. To, ruwa ba ya tsami banza. Malamanmu na Sashen Hausa kullum suna faɗa mana cewa al'ada ba ta tsaya ga waƙa da tatsuniya da bukin aure kaɗai ba, har da abin da hannun mutane ya ƙera. Wannan ne ya tuna mini da wani abu da na gani da idona ina yaro, na kuwa ga ya kamata in bi sawunsa in ga inda ya fito.

Ina aji huɗu na firamare aka turo wata malamar asibiti aiki a yankinmu. Mutuniyar ƙasar Zuru ce, Kirista, tana da 'ya'ya biyu ƙanana. Da watan Disamba ya kama, aiki ya hana ta tafiya gida, yaran kuwa suka tasa ta gaba da kuka sai an samo musu itace irin wanda suke gani a talabijin. Sai ga ta a maƙerar kawuna da zane a takarda. Ta ce, "Baba, ko za ka iya ƙera mini wannan?" Kawu ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Malama, iccen ƙarhe? Wanga aiki ban taɓa yi nai ba, amma aje mu gani." Kafin in faɗi yadda ta kaya, bari mu koma baya.

Asalin Itacen

Duk wanda ya bincika zai tarar cewa Littafi Mai Tsarki bai umurci kowa ya kafa itace a ɗaki ba. Al'ada ce ta Jamusawa. A zamanin da, mutanen can sukan yi wasan kwaikwayo na labarin Adamu da Hauwa'u ran 24 ga Disamba, sai su kafa wani itace mai ganye kamar allura su rataya masa 'ya'yan tuffa, a matsayin itacen gidan Aljanna. Dalilin zaɓensa a fili yake: a tsakiyar sanyinsu, sa'ad da ƙanƙara ta rufe ƙasa, itatuwa suka kaɗe, shi yana nan kore shar. Sannu a hankali itacen ya bar dandali ya shiga gidaje. Akwai wani rubutu na shekarar 1605 da ya bayyana yadda mutanen birnin Strasbourg suke kafa shi a ɗakunansu, suna yi masa ado da furannin takarda da tuffa da kayan zaƙi.

Daga Jamus ya ƙetara Ingila ta hanyar auratayyar sarauta. A 1848 jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat, wanda Bajamushe ne, da 'ya'yansu sun kewaye itacen. Abin da sarki ya yi shi talaka ke kwaikwayo, nan da nan al'adar ta bazu a Ingila da Amurka.

Abin lura a nan shi ne, tun can asali kowa da abin da ke ƙofar gidansa yake yi. Su kansu Jamusawan, waɗansu sukan harhaɗa katako su yi wani abu mai siffar dala su jera masa kyandir. A ƙarni na 19 kuma suka ƙago itace na gashin dinya, su rina gashin kore su ɗaura a jikin waya. Kiristocin Indiya da ganyen mangwaro da itacen ayaba suke ado. Mutanen Filifin kuwa fitila suke yi mai siffar tauraro, da gora da takarda. Watau dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Shigowarsa Ƙasar Hausa

Kirsimeti bai daɗe ƙwarai a ƙasar Hausa ba. A 1900 ne ayarin Bishop Tugwell na mishan ɗin C.M.S. ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku. A cikinsu akwai Dokta Miller, wanda ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, har aka mai da mishan ɗin Wusasa a 1929. Majami'ar da aka gina a Wusasa a wannan lokaci ginin ƙasa ce irin na magina Hausawa. Wannan ya nuna tun farko Kiristocin Hausa da kayan gida suka yi aikinsu. Mu ɗaliban Hausa bai kamata mu ɗauke su baƙi ba, domin daga Wusasa John Tafida ya fito, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Dokta East. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 da ƙamusun Bargery na 1934 su ma suna cikin tarihin rubutun bokonmu.

A ɓangarenmu na yamma kuwa labarin ya sha bamban. Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulunci, Jega da Aliero da Maiyama kuwa ƙasar Gwandu ce. Saboda haka mishan suka fi ƙarfi a ƙasar Zuru, inda suka kafu a cikin shekarun 1920. Mu nan baƙi ne suka kawo mana bukin: 'yan kasuwa, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan sanda. Karɓar baƙi kuwa daɗaɗɗen abu ne gare mu. Tun sa'ad da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega a farkon ƙarni na 19, kasuwarta ta zama matattarar fatake, musamman masu bin hanyar Gwanja neman goro. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka kuma kafa jami'a a Aliero a 2006, baƙin suka ƙaru.

Har ila yau, ga yawancin Kiristocin karkara, itace ba shi ne bukin ba. Bukin shi ne zuwa majami'a, da sabon ɗinki, da shinkafa da nama, da aika wa maƙwabta abinci, kamar yadda mu ma muke aika musu ran Salla. Hotuna da littattafan makaranta da talabijin ne suka cusa wa yara son itacen.

Abin Da Ƙasarmu Ta Tanada

To, itacen Jamusawa ba ya rayuwa a ƙasarmu. Amma in ma'anarsa ita ce ganye kore a lokacin da kome ya bushe, ai mu ma muna da irinsa. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, ya tofo da rani, saboda haka a tsakiyar hunturu shi ne kore a gona. Ga kuma dogon yaro, wanda shi ma baƙo ne daga Indiya, aka fara dasa shi a Barno a 1928, yau ya zama ɗan gari har ba mai tuna baƙuncinsa. Ga mangwaro. Reshe ɗaya daga cikin waɗannan, in an dasa shi cikin bokitin yashi, ya biya bukata.

Bugu da ƙari, Disamba lokacin kaka ne. An yanke dawa, kara ya yi yawa, an tsinci auduga, manoman albasa na Aliero suna fadama. Kowane yaron ƙauye kuwa ya san yadda ake ɓare sillen kara, a raba ɓawon da totuwa, a sossoka su a yi mota da tabarau da jirgin sama. Wanda ya iya motar kara, tauraro ba zai gagare shi ba.

Yadda Ta Kaya A Maƙera

Kawu ya samo guntun rodi kamu huɗu, ya sa a wuta, ni ina kan zugazugi. Ya ƙera masa ƙafa uku kamar murhu, sa'an nan ya lanƙwasa waya ya yi zobba biyar, na ƙasa ya fi faɗi, suna raguwa har sama. Daga nan sauran aikin ya dawo hannunmu yara. Muka jera kara a jikin zobban muka ɗaure da kaba, muka sossoka ganyen dogon yaro a tsakani. Malama ta yayyaga auduga ta manna, ta ce wai ƙanƙara ke nan, mu kuwa da ba mu taɓa ganin irin wannan ƙanƙara ba muka yi ta dariya. Muka rataya ƙananan ludaya da takardun alawa masu ƙyalli. Kawu ya yanke gwangwanin madara ya fitar da tauraro aka ɗora a ƙoli.

Maganar ba ta wuce haka kawai ba. Wani maƙwabci ya zo ya ce wa kawu bai dace ya sa hannu a kayan bukin da ba nasa ba. Kawu ya ce shi fartanya da wuƙa da lauje yake ƙera wa duk wanda ya zo, bai taɓa tambayar kowa inda yake fuskanta in zai yi ibada ba, kuma matar nan ita ta kwana a kan jikansa sa'ad da zazzaɓi ya kusa tafiya da shi. Maƙwabcin bai gamsu ba, kawu ma bai sake ra'ayi ba, suka rabu kowa da nasa. Ban kawo wannan don in yanke hukunci ba, wannan fagen malamai ne. Na kawo shi ne domin yana cikin tarihin, kuma wanda ya ɓoye rabin labari bai rubuta tarihi ba.

Kammalawa

Yau in mutum ya shiga manyan kasuwannin birane a watan Disamba zai ga itatuwan roba a kwali, akasarinsu daga ƙasar Sin, inda birnin Yiwu ya shahara da sayar da irin waɗannan kaya ga duniya. Ba na ganin laifin mai saye. Sai dai abin da binciken nan ya koya mini shi ne, itacen da muka ɗaure da kara ya fi kusa da na mutanen Strasbourg na 1605 bisa ga na kwali, domin su ma da abin dajinsu da takardar hannunsu suka yi nasu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Al'ada takan zauna a wuri ne in ta ci abincin wurin, kamar yadda dogon yaro ya yi.

Abin da ya fi damuna kuwa ya wuce itacen. Da na je hutun bara, na tara ƙannena na ce su yi mini motar kara, ɗaya ne kaɗai ya iya, shi ma ba ƙafafu masu juyawa. Maƙerar kawu tana nan, amma 'ya'yansa sun fi son walda da acaba. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana na wannan ƙungiya, duk wanda ya je gida hutu ya zauna da tsofaffin garinsu, ya rubuta sunayen kayan sana'a da yadda ake yin su, ya ɗauki hotonsu, ya kuma tambayi maƙwabtansa, Musulmi da Kirista, yadda suke ƙawata ɗakunansu ran buki. In ba mu rubuta ba, wa zai rubuta mana?

Malamar nan an daɗe da yi mata canjin wurin aiki. Ƙarfen kuwa ta bar wa kawu, yana nan a zaure, an cire zobba biyu na sama, inna tana ɗora masa tukunyar ruwa. Haza wasalam.