Daga Camara Laye Zuwa Salma: Yadda Shirin Jarrabawar Littafi Ya Sauya

Tun da aka kafa hukumar WAEC a 1952, malaman Turanci a Najeriya suke fama da aiki ɗaya: su sa ɗan shekara goma sha shida ya karanta labarin wani yaro da ke girma, sannan ya amsa tambayoyi a kai. Da fari marubutan Ingila irin su Dickens ne suka cika jadawali. Bayan samun 'yancin kai, musamman da kamfanin Heinemann ya fara fitar da jerin littattafan marubutan Afirka a 1962, sai yaran nahiyarmu suka shigo aji. Ga Camara Laye, ɗan maƙerin Kouroussa a ƙasar Gini, wanda ya rubuta labarinsa da Faransanci a 1953, muka san shi da The African Child. Ga Njoroge na Weep Not, Child, wanda yaƙin Mau Mau ya raba shi da makaranta. A 1984 Zaynab Alkali ta kawo mana Li a cikin The Stillborn, 'yar ƙauyen Arewa mai mafarkin birni.

Ni a wannan tsari na taso, kuma a kansa na fara koyarwa. Littafi ɗaya ɗalibai uku ke leƙawa a benci, bangonsa an naɗe da takardar buhun siminti. Malam zai nuna mutum da alli ya ce, “Kai, tashi ka ci gaba.” Kana karantawa yana gyara maka lafazi. Daga nan sai shifta, a cika littafin rubutu da bayanin jigo da halayen taurari. Jarrabawar kuwa insha'i ce. Za a ce ka bayyana yadda Laye ya sauya tsakanin maƙerar mahaifinsa da tafiyarsa Konakiri, kuma wanda bai karanta ba, alƙalaminsa ne zai tona shi.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ta juya lamarin lokacin da ta ɗora wa duk mai neman gurbin jami'a littafi guda a takardar Turanci, ko likitanci zai karanta. An yi The Last Days at Forcados High School, an yi Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi a 2019, sannan The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli daga 2021 zuwa 2024. Daga 2015 kuma jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, tambaya da zaɓi huɗu. Kwamfuta ba ta duba insha'i, don haka abin da ake tambaya shi ne wa ya ce kaza, a ina, mene ne sunan ƙawar wance.

Shiri ma sai ya bi sahu. Masu lesin suna sayar da taƙaitawa mai shafi kaɗan, tambayoyin baya suna yawo a WhatsApp. Na ga ɗalibin da ya haddace sunayen 'ya'yan Ummi ta cikin The Life Changer duka huɗu, amma bai san cewa satar amsa ce ta sa aka kori Salma, ɗaliba a littafin, daga jami'a ba, alhali shi kansa yana cigiyar “ekspo”. Gani ga wane, sai in an ga wanen.

Shi ya sa har yau nake sa ɗalibaina su karanta babi a bayyane kafin mu taɓa tambayoyin baya. Wanda ya bi Salma shafi-shafi ba ya buƙatar haddar suna, domin ya riga ya san mutanen.