TART: Daga Tanderun Sarki Zuwa Bakin 'Yan Tasha

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ko da yake in kun yi haƙuri za ku ga soyayyar a ciki, har da yadda takan ƙare wani lokaci.

Kwanakin baya 'yar yayata da ke koyon girke-girken zamani ta kawo min wani abu a faranti, kamar mitfai amma ba a rufe samansa ba, an cika cikinsa da dafaffiyar abarba. Na ce mene ne sunansa? Ta ce, "Tart ake ce masa, Anti." Da yake ni mai shisshigi ce a kan kalmomi, da dare na jawo tsohon ƙamus ɗina na Turanci na duba. Ma'anar farko ta yi daidai da abin da na ci. Ta biyun ce ta sa na gyara zama: wai mace mai zaman kanta, ko wadda shigarta da kwalliyarta ke sa a yi mata wannan zato. To, me ya haɗa kifi da kaska?

Asalin kalmar ba ta Turawan Ingila ba ce, arowa suka yi daga Faransanci, inda ake cewa tarte. Tun da Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, da kotu, da madafin manya, shi ya sa sunayen abinci da yawa a Turanci na Faransa ne. Wajen 1390 manyan kukun Sarki Richard na Biyu suka tattara girke-girkensu kusan 200 a wani kundi mai suna The Forme of Cury, kuma akwai tart iri-iri a ciki. Akwai na nama da ƙananan tsuntsaye, akwai na cuku da kwanduwar ƙwai da citta, akwai na albasa da ake yi a ranakun azuminsu da ba a cin nama. Wato a lokacin ba dole ne ya zama kayan zaƙi ba. Kwaɓin fulawa ne a shimfiɗa a mazubi, a zuba abin da aka samu, a sa a tanderu. Kada a ruɗe da wata kalmar tart ɗin mai nufin tsami, wannan tsohon Turanci ce, kama kawai suka yi a rubutu, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya.

Sukari ne ya mayar da shi kayan zaƙi. A zamanin Sarki Richard sukari kamar magani ake auna shi don tsada. Sai da Ingila ta kafa gonakin rake a Barbados tun wajen 1640, ta ƙwace Jamaika a 1655, ta cika su da bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma, sannan ya fara wadata. A 1874 gwamnati ta soke harajin sukari baki ɗaya, kamfanoni suka shiga dafa 'ya'yan itace da shi suna cika kwalabe, abin da ake kira jam. Tart mai jam a tsakiya, ɗan ƙarami ja jawur, shi ne daɗin da talakan Landan zai iya kaiwa bakinsa da 'yan sulallansa. Ku riƙe wannan.

A 1859 wani mai buga littattafai, John Camden Hotten, ya fitar da ƙamus na zaurancen 'yan tasha da ɓarayi da 'yan kasuwar Landan. A bugun 1864 ya sa tart a ciki, kuma bayanin da ya yi babu zagi ko kaɗan. Ya nuna kalmar yabo ce da samarin talakawa ke faɗa wa budurwar da suke so, kuma galibi sai ta ci ado da kayanta na fita kunya. Allah sarki! Ashe kirari ne. Masana harshe sun rabu kan yadda aka yi. Wasu sun ce gutsure kalmar sweetheart aka yi, wato masoyiya. Wasu sun ce zaurancen mutanen gabashin Landan ne, waɗanda sukan ɓoye kalma su kawo wata mai amo irin nata, sai jam tart ya tsaya a madadin sweetheart. Wasu kuma sun ce ba sai an wahala ba, saurayi ne ya ga yarinya ta yi ja ta yi kyau ya kwatanta ta da abin da ya fi so a shagon mai burodi. Ni wannan na ƙarshen ya fi kwanta min, don mu marubuta mun san aikin. Sau nawa na sa wa saurayi "zumata" da "madarar zuciyata" a baki?

Shekara guda bayan haka, a 1865, littafin yara na Lewis Carroll kan yarinyar nan Alice ya fito, kuma shari'ar da aka rufe labarin da ita ta satar tart ce daga wajen sarauniya. Babu uwar da ta ji kunyar karanta wa 'yarta.

To amma shekaru 23 kacal bayan ƙamus ɗin Hotten, labari ya sha bamban. A Janairun 1887 jaridar Morning Post ta kawo rahoton wata shari'a kan wani rubutu da ya kira 'yan matan amshi na gidan wasan Avenue da sunan tarts, masu gabatar da ƙara suka ce kalmar na nufin mai lalacewar ɗabi'a. Kirarin jiya ya zama abin zuwa gaban alƙali.

Me ya faru a tsakani? Nan ne na daɗe ina juya maganar. A 1864 ɗin nan dai majalisar Ingila ta kafa Dokar Cututtuka Masu Yaɗuwa, aka ƙara mata ƙarfi a 1866 da 1869. Ciwon sanyi da tunjere sun addabi sojoji, sai aka ba 'yan sanda iko a garuruwan bariki da tashoshin jiragen ruwa, irin su Aldershot da Portsmouth da Plymouth, su kama duk macen da suke zargi da karuwanci, a kai ta likita ya duba ta ko tana so ko ba ta so. In an same ta da ciwo a kulle ta a asibiti, da farko har wata 3, daga baya har wata 9. Mazan da ke zuwa wajensu kuwa ko kallon banza ba a yi musu ba. Da me ɗan sanda zai gane wadda zai kama? Da ido. 'Yar talaka ce, ta yi ado, tana tafe a titi da yamma. Ku koma ku duba bayanin Hotten, siffar ke nan sak, yarinyar da ta sa kayanta na fita kunya. Wata baiwar Allah mai suna Josephine Butler ta yi shekara da shekaru tana yaƙi da dokar kafin a soke ta a 1886. Kafin nan, a 1885, ɗan jarida W. T. Stead ya girgiza ƙasar da rahotonsa kan cinikin ƙananan yara mata a Landan, har majalisa ta ɗaga shekarun da doka ta yarda a kusanci yarinya daga 13 zuwa 16. Ban ce dokar ce ta canza kalmar da hannunta ba. Amma ƙasar da ta shafe shekara ashirin tana kallon adon 'yar talaka a matsayin shaida a kanta, ba abin mamaki ba ne in sunan da saurayinta ke kiranta ya zama zagi a bakin masu kuɗi da 'yan jarida.

Abin sha'awa, inda kalmar ta yi nisa da Landan ta daɗe da mutuncinta. A Ostireliya, cikin littafin waƙoƙin C. J. Dennis na 1915, The Songs of a Sentimental Bloke, tart budurwa ce kawai, kuma jarumin littafin auren Doreen ɗinsa ya yi.

Kuma ba ita kaɗai abin ya sama ba. Hussy, da yau ake nufin mara kunya da ita, asalinta housewife ce, matar gida. Mistress uwargijiya ce, takwarar master, yau ta koma daduro, shi kuwa master yana nan da rawaninsa. Wata malamar harshe a Amurka, Muriel Schulz, ta yi rubutu a 1975 kan yadda sunayen mata a Turanci kan fara da daraja su gangaro. Mu ma kada mu yi dariya da yawa. Kalmar clerk ta Turanci ma'aikacin ofis take nufi, da ta shigo Hausa ta zama kilaki, kowa ya san wa ake nufi. Namijin da ke aikin ofis ɗin kuwa akawu muka ce masa, har da malam a gaba.

A ƙarni na 20 ma'anonin biyu suka ci gaba da zama a gida ɗaya kamar kishiyoyin da ba sa magana. Bature kan ce an yi tart up ɗin gida, ma'ana an shafa masa fenti da kwalliyar arha don a ruɗi mai saye. Katunan talla da karuwai ke mannawa a rumfunan tarho na Landan tart cards aka riƙa ce musu, har aka haramta manna su a 2001. A ɗaya ɗakin kuma garin Bakewell na alfahari da tart mai sunansa, kamfanin Kellogg's ya fito da Pop-Tarts a Amurka a 1964, shekara ɗari cif bayan Hotten, yara na karya kumallo da shi.

Da na ba 'yar yayata wannan labari, sai ta riƙe baki ta ce, "To Anti, yanzu in sake masa suna ne a takardar tallata?" Na ce ta bar shi yadda yake, amma na gaba ta yi min da mangwaro, ta kuma rage sukari.