Daga En'e Zuwa Jarda: Taƙaitattun Sunaye a Bakin Mutanen Ƙasar Dutse

An sha yin muhawara a kan taƙaitattun sunaye irin su NEPU da NPC: shin a haɗe za a furta su kamar kalma, ko kuwa harafi-harafi? Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa talakan ƙasar Dutse ya riga masana yanke hukunci tun zamanin Turawa.

A wancan zamani Dutse da Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun gundumomi ne a ƙarƙashin N.A. ta Kano. Bature da malamin ofis su ne ke ganin haruffa biyu a takarda. Manomin da ke biyan haraji, da Bafillacen da ke biyan jangali, kunnensu kawai ya ji, sai suka ce En'e, kamar yadda suka mayar da D.O. ya zama Di'o. Abin lura a nan shi ne, sunayen haruffan na Ingilishi ne. Da a ce da karatun bokon Hausa aka bi, inda yaro ke cewa a, ba, ca, da, to da "Na'a" za a ce. Ke nan abin da ɗan boko ya ɗauka jera haruffa ne, a wurin jama'a kalma ce sukutum, har da hamzar da Hausa ke sakawa don kada gaɓa ta fara da wasali.

Siyasa ta ƙara fito da al'amarin fili. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, kuma da yake baƙi da wasali sun jeru a cikinta yadda harshe ke so, nan take ta zama Nefu, mabiyinta ɗan Nefu. NPC, wadda ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, ba ta da wasali ko ɗaya, saboda haka aka ari na sunayen haruffa aka ce Enfisi. Haka PRP ta 1978 ta zama Fi'arfi. Ba mu ga alamar cewa ɗan Nefu ya ɗauki sunan jam'iyyarsa kalma, na abokan hamayya kuwa haruffa ba. Duka biyun sunaye ne, kuma duka "ta" ake ce musu, don jam'iyya mace ce a nahawu.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, Dutse ta zama hedkwata, hukumomi suka yawaita, hukumar aikin gona ta JARDA ta zama Jarda ba tare da wata gardama ba. Mafi ban sha'awa a ganinmu ita ce NEPA, wadda aka kafa a 1972. An sauya ta da PHCN a 2005, sunan da ya ƙi zama a baki, sai ga shi har yau idan wuta ta ɗauke a Dutse, Nefa ake ɗora wa laifi.